Haƙorin ƙarfe da ba a samu a kanti: yadda masu tur ke ƙera wuƙar yanka tsagi a cikin rami

Idan boris ya cinye gidansa a injin ban ruwa, ko a injin niƙa, ko a ƙafar adaidaita sahu, hanya biyu ce a gaban mai shi. Ko ya nemi sabon gida, in akwai shi a kasuwa kuma aljihu ya kai, ko ya ɗauki tsohon ya kai wa mai tur. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, galibi ta biyun ake bi. Mai tur zai faɗaɗa ramin da ya lalace, ya fere wani zoben ƙarfe ya danna a ciki, sannan ya sake fitar da ramin daidai da faɗin boris. Har nan aiki ne da yaron da ya ɗan jima a gareji zai iya. Abin da ya rage shi ne ɗan siririn tsagi da ake yankawa a bangon ramin, can ciki, inda zoben nan mai kunne biyu da ake kira sirkilif zai zauna ya tare boris kada ya fita. A nan ne maigida kan ce wa yaro ya matsa, ya karɓi injin da kansa.

Tsagin sau da yawa bai kai milimita biyu faɗi ba, zurfinsa kuwa ɗaya da ɗan ɗori. Amma idan ya yi sama-sama, zoben ba zai shige sosai ba, wata rana ya yi tsalle ya fita, boris ya biyo shi, sandar ta fara lilo, kafin manomi ya farga fankar famfo ta ci jikin gidanta. Ga mai albasa a Galmi ko mai lambu a Jiratawa, kwana uku babu ruwa a watan Maris ba ƙaramar asara ba ce. Idan kuma tsagin ya zarce zurfi, zoben zai nutse a ciki, abin da ya fito waje don tare boris ya ragu, shi ma ƙarshensa ɗaya ne.

Wuƙar da ke yin wannan aiki ba a cika samun ta a shagunan kayan ƙarfe ba. Za a samu noti, wayar walda, faifan yanka, bakin injin huda kala-kala, amma wuƙar tsagin ciki sai an dace. Shi ya sa mafi yawan masu tur da hannunsu suke ƙera tasu, kuma a aljihun teburin kowane tsohon hannu akwai ƴan sandunan ƙarfe masu haƙori ɗaya a gefe, waɗanda baƙo zai ɗauka shara ce, shi kuwa mai su ba ya ba da aronsu.

Me ya sa ciki ya fi waje wuya

Ga wanda bai taɓa shiga irin wannan gareji ba, tur inji ne da ke kama ƙarfe a bakinsa, wanda ake kira mandaran, ya riƙa juya shi, ita kuma wuƙa tana ɗaure a kan keken da ke tafiya gaba da baya, tana fere shi kamar yadda ake fere rake. Sunan daga Faransanci ya zo. Siffar da aka san injin da ita a yau ta kafu ne a Ingila wajajen shekarar 1800, lokacin da Henry Maudslay ya haɗa wanda ke yanka zaren noti daidai wa daida.

Fere bayan ƙarfe abu ne da ido ke gani. Wuƙar gajera ce, tana kusa da inda aka ɗaure ta, dusar ƙarfen kuma tana zubewa ƙasa da kanta. Da zarar an shiga cikin rami, duk waɗannan sun kau. Mai tur ba ya ganin bakin wuƙarsa, sai dai ya dogara da lambobin da ke jikin hannun juyawa, da kunnensa, da abin da tafin hannunsa ke ji. Dusar ba ta da wurin zuwa, sai ta taru a cikin tsagin ta shaƙe haƙorin.

Babbar matsalar ita ce sandar da ke ɗauke da haƙorin. Dole ta miƙe ta shiga ramin, kuma duk abin da ya miƙe ba tare da madogara ba yana lanƙwasawa. Lissafin injiniyoyi a nan ba shi da tausayi: idan tsawon da sandar ta fito ya ninka sau biyu, lanƙwasawarta tana ninkawa sau takwas. Kauri kuma yana ramawa fiye da haka, domin idan kaurin ya ninka sau biyu, ƙarfin tsayuwarta yana ninkawa sau goma sha shida. Sanda mai milimita 16 ta fi mai milimita 12 ƙin lanƙwasa fiye da sau uku, duk da cewa a ido bambancinsu kaɗan ne. Daga nan ne kamfanonin kayan yanka suka fitar da ƙa'idar cewa sandar ƙarfe kada ta fito fiye da kaurinta sau huɗu. Mai milimita 12 ke nan iyakarta kusan 48. In aka wuce haka sai ta fara karkarwa, injin ya ɗauki wani kuka mai tsini da ake jiyowa daga bakin titi, ƙasan tsagin ya fito da zane-zane kamar an yi masa tsaga.

Akwai wani kuskure da ke yawo a garejin da dama, cewa idan aka ba sandar ruwa ta yi tauri, za ta daina lanƙwasawa. Tauri daban, ƙin lanƙwasa daban. Ƙarfen rodi da ƙarfen da aka gasa ya yi tauri, in kaurinsu da tsawonsu ɗaya ne, kusan lanƙwasawa ɗaya suke yi a ƙarƙashin ƙaramin nauyi. Taurin yana hana ƙarfe cinyewa da kuma tanƙwarewa ta dindindin, amma ba ya hana shi rawa. Don haka wanda ya ɓata rabin yini yana gasa sanda, da ya nemi wadda ta fi kauri da milimita biyu, ko ya ja ta baya ya rage tsawonta, da ya fi cin riba.

Sai siffar haƙorin. Bangon rami yana lanƙwasowa ne zuwa ga wuƙar, don haka dugadugin haƙorin, wato ƙasansa, na iya gogar bangon tun kafin bakin ya taɓa. Idan haka ta faru, wuƙar ba ta yanka, sai guga da zafi, mai tur ya ƙara dannawa, haƙorin ya karye. Maganin shi ne a zaftare ƙasan haƙorin sosai, kuma ramin na ƙanƙancewa, zaftarewar na ƙaruwa. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a zana da'ira mai faɗin ramin a kan takarda, a ɗora haƙorin a kai, a duba ko bakinsa kaɗai ke taɓa layin.

Lambobin da ba a yi da ka

Boris da zobensa ba a ƙera su da ka ba, kowanne yana da ma'auni da duniya ta amince da shi. Boris mai lamba 6203, wanda ke cikin ƙananan motocin lantarki da babura da yawa, raminsa milimita 17 ne, bayansa 40, kaurinsa 12. Mai lamba 6204 yana da 20, 47 da 14. Mai 6205 kuwa 25, 52 da 15. Zoben ciki yana bin ƙa'idar Jamus mai suna DIN 472, na waje kuma DIN 471. A jadawalin na ciki, ramin milimita 40 yana son tsagi mai faɗin 1.85 wanda ƙasansa ya kai 42.5. Ramin 47 shi ma faɗin 1.85 ne, ƙasansa 49.5. Ramin 52 yana son 2.15, ƙasansa 55.

Ma'ana, a ramin 47 haƙorin zai shiga milimita 1.25 kacal. A nan ne ake yawan faɗawa rami. Wasu injina lambobin hannunsu suna nuna tafiyar da wuƙa ta yi, wasu kuma suna nuna abin da faɗin ramin ya ƙaru, wanda ya ninka tafiyar sau biyu. A injin farko mai tur zai juya 1.25, a na biyu 2.5. Wanda ya saba da injin ubangidansa ya koma wani gareji bai gwada ba, zai iya yanka rabin zurfin ko ninkinsa. Tun da injinan da ke ƙasar tsofaffi ne da suka fito daga ƙasashe daban-daban, wasu ma da lambobin inci, gwajin farko a kan guntun bututu ba ɓata lokaci ba ne.

Jadawalin nan ba sirri ba ne, yana intanet kyauta, kuma duk yaron gareji mai wayar salula zai iya sauke shi ya ajiye. Abin takaici, a wurare da yawa har yanzu tsohon zobe ake karawa a yi kintace.

Daga bola zuwa kan inji

Hanyar da ta fi yaɗuwa, kuma ta fi dacewa da talaka, ita ce sanda mai huda. Ana neman sandar ƙarfe mafi kauri da za ta shiga ramin ta bar wa haƙori wuri, ko da tsohuwar sandar wani inji ce. A huda ta a gicciye kusa da bakinta, ramin milimita huɗu ko biyar. A sake huda ta daga goshi, a yi zare, a sa ƙaramar kusa da za ta danne abin da aka zura. A goge gefe ɗaya na sandar ya yi shafe-shafe don kada ta juya idan an ɗaure ta. Sai a zura guntun ƙarfe mai tauri a ramin gicciyen, a wasa shi ya zama haƙori.

Wasawar ce gwaninta. Ana cinye saman guntun har rabi don bakin ya zo daidai da tsakiyar ramin. Ana rage faɗinsa zuwa 1.85 ko abin da jadawali ya ce. Gefunan biyu ana ɗan tsuke su zuwa baya da kuma zuwa ƙasa, digiri ɗaya ko biyu, don bakin kaɗai ya zama mafi faɗi, in ba haka ba haƙorin zai maƙale a tsagin da shi da kansa ya yanka. Fitowarsa daga jikin sandar kada ta wuce zurfin da ake nema da yawa, milimita biyu ya isa ga tsagin 1.25. Daga ƙarshe a bi bakin da ɗan dutsen hannu da mai, har ya iya kankare farce. Amfanin wannan tsari shi ne sanda ɗaya za ta ɗauki haƙora goma, kuma in ɗaya ya karye, guntun da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba aka yi asara.

Guntun mai taurin daga ina? Daga abin da ya riga ya mutu: bakin huda tsakiya da ya karye, abin yanka zare da ya tsinke a cikin wani aiki, tsohon bakin injin fere da ya dakushe. Duk waɗannan da ƙarfen da Faransawa ke kira acier rapide ake yawan yin su, wanda ake rubuta wa HSS a jiki. A Yamai, kasuwar Katako ce matattarar irin wannan tarkace. Masu tur na Maraɗi da Damagaram kuwa idonsu ya fi karkata Kano, musamman Ƙofar Ruwa, ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ko ta Magarya.

Akwai tarko guda a nan. Bakin injin huda na yau da kullum, gindinsa da ake kamawa sau da yawa ba a gasa shi ya yi tauri ba, an bar shi da taushi da gangan don bakin injin ya riƙe shi da kyau. Yaro zai tsinci karyayyen bakin huda, ya yanki gindin saboda shi ne mai santsi, ya wasa haƙori kyakkyawa, yana taɓa aiki ya lanƙwashe. Magagari ne alƙali: in ya ci ƙarfen, ba zai yi haƙori ba, in ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, to ya yi. Tartsatsin wuta a dutsen wasa shi ma yana faɗin gaskiya. Ƙarfe mai yawan gawayi a jikinsa, irin na magagari, yana fitar da farin tartsatsi mai fashewa kamar taurari. Na HSS kuwa ja ne mai duhu, ba ya yawan fashewa.

Idan ramin ya yi ƙanƙanta, ƙasa da milimita goma sha biyu misali, babu wurin huda da kusa. Dole a ɗauki sandar HSS guda a cinye jikinta a dutse, a bar ɗan ƙugiya a baki. Aiki ne mai cin lokaci da cin dutse, kuma ana son a riƙa tsoma ƙarfen a ruwa akai-akai tun bai yi zafi sosai ba, domin tsoma shi bayan ya yi jawur kan sa bakin ya yi ƙananan tsagewa da ido ba ya gani. Wasu kan kauce wa wannan wahala da makullin alan: ya riga ya zo a lanƙwashe, sai a datse gajeren hannun a wasa shi. Yana yi a alminiyom da tagulla da roba mai tauri. A baƙin ƙarfe kuwa ba ya jimawa, tsagi ɗaya ko biyu ya dakushe.

Sai hanyar maƙera, wadda ta girmi duk sauran. Tsohon magagari ko guntun sifirin mota, a gasa shi a bar shi ya huce a hankali cikin toka ya yi taushi, a sassaƙa haƙorin, a sake gasawa har ya yi ja. Alamar cewa ya kai ita ce maganaɗisu ya daina kama shi, abin da ke faruwa a wajajen digiri 770. A ɗan ƙara kaɗan, a tsoma a mai ko ruwa. A wannan hali yana da tauri amma yana karyewa kamar kwalba, don haka a goge shi ya yi fari, a ɗumama shi daga gindi a hankali, ana kallon launi yana tafiya zuwa baki. Da bakin ya yi ruwan kara, wajajen digiri 220 zuwa 230, a sake tsomawa. Maƙerin da ke ba gatari ko lauje ruwa ya san wannan launi. Raunin irin wannan haƙori shi ne zafi: da ya wuce digiri 200 da wani abu a wurin aiki, taurin ya fara tafiya. Sai an yi yanka a hankali, da mai.

Wannan rauni ne ya sa ƙarfen HSS ya zama abin mamaki lokacin da Frederick Taylor da Maunsel White na kamfanin Bethlehem Steel a Amurka suka nuna tasu dabarar gashi a baje kolin Faris na 1900, inda mutane suka ga wuƙa tana yanka alhali bakinta ya yi ja. HSS yana riƙe taurinsa har kusan digiri 600. Amma gashinsa yana son zafin da ya kai wajen digiri 1,200 da kuma murhu mai ma'auni, don haka ba a kai shi maƙera. Wasa shi kawai ake yi.

Widiya da kayan intanet

Sama da HSS akwai ƙarfen da masu sana'a a ƙasashe da yawa ke kira widiya. Sunan kasuwanci ne da kamfanin Krupp na Jamus ya raɗa masa a shekarun 1920, daga kalmomin Jamusanci masu ma'anar "kamar lu'ulu'u". Garin tungsten ne da gawayi, aka haɗe shi da kobalt. Ana iya liƙa ɗan guntunsa a bakin sanda da waldar tagulla, amma dutsen wasa na yau da kullum ba ya cin sa, sai koren dutse ko faifan lu'ulu'u, kuma ƙurarsa tana cutar da huhu.

Kamfanoni irin su Sandvik Coromant na Suwidin, Horn na Jamus da Korloy na Koriya ta Kudu suna sayar da sanduna na musamman masu ɗaukar haƙoran widiya da ake cirewa a sauya. Tsarin da ya fi yawo a shafukan sayayya irin su AliExpress shi ne sandar MGIVR da haƙoran MGMN, galibi kwaikwayon da masana'antun Sin ke yi. Lambar tana faɗin komai ga wanda ya iya karanta ta. MGIVR2016 tana nufin kaurin sandar milimita 16 ne, kuma ba ta shiga ramin da bai kai 20 ba. MGMN200 haƙori ne mai faɗin milimita biyu, MGMN150 ɗaya da rabi. Wanda ke son tsagin 1.85 ya sayi mai biyu, ya riga ya yi fāɗi, babu gyara. Mai ɗaya da rabi zai saya, ya yanka sau biyu, ya matsa gefe da 0.35 a karo na biyu.

Shin kayan sayen sun fi? A sabon inji mai ƙarfi da sauri, inda ake yin tsagi ɗari iri ɗaya, babu gardama sun fi. A tsohon inji da kekensa ke da sako-sako, labarin ya sha bamban. Widiya tana da tauri amma ba ta jure girgiza, karkarwa kaɗan take ɓantare mata baki. Haƙoranta na gama-gari kuma ba su kai HSS da aka wasa da hannu kaifi ba, suna buƙatar a danna su da ƙarfi, wanda shi ne abin da siririyar sanda ba ta so. Haƙorin HSS in ya dakushe minti biyu ne a dutse. Na widiya in ya ɓantare sai a jira wani ya zo daga Kano ko daga Sin.

Turawan da ke yi don nishaɗi

Abin da zai ba matashi mamaki shi ne wannan matsala tana damun wasu mutane da ba su san injin ban ruwa ba. A Ingila, Jamus da Amurka akwai dubban mutane, da yawansu ƴan fansho, da ke ajiye ƙaramin tur a ɗakin ajiyar mota, suna ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tururi da injina na wasa. A Ingila an fara buga mujallarsu, Model Engineer, a 1898, kuma injin Myford ML7 da ya fito a 1946 ya zama abin alfaharinsu. Na baya-bayan nan sun fi sayen ƙananan injinan Sin.

Su ba rashin kanti ke damun su ba. Mutum ne zai buƙaci tsagi ɗaya tak don zoben roba a cikin ramin milimita takwas, a shekara sau ɗaya, ya ga wuƙar kamfani ta yi tsada a kan aikin, ko kuma ba ta shiga ramin. Injinansu ƙanana ne marasa nauyi, suna karkarwa kamar tsofaffin injinan Sahel. Sai ga shi sun ƙare a kan dabarun nan dai: sanda mai huda, karyayyen bakin huda tsakiya, makullin alan, gashin ƙarfe da kallon launi. Bambancin shi ne su suna rubutawa, suna ɗaukar bidiyo. Mai neman gani da ido ya rubuta "outil à gorge intérieure" a YouTube zai samu abin kallo, kuma yawancinsa ba ya buƙatar jin harshen, hannu ake bi.

Iyaka, wuta da saƙon ƴan ci-rani

Shekarun baya-bayan nan sun nuna darajar wanda ya iya ƙera kayan aikinsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya kuma ta katse wutar lantarki a farkon Agusta. Maraɗi da Damagaram, da ke shan wuta ta layin Katsina zuwa Gazawa, sun ji a jikinsu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kaya suka koma bin doguwar hanyar Lome ta Burkina Faso. Duk lokacin da sabon kayan gyara ya yi nisa ko ya yi tsada, tsohon ne ke komawa gareji, kuma a daidai lokacin ne haƙoran saye su ma suke ƙaranci.

Ɗaukewar wuta tana da nata ta'adin a wannan aiki musamman. Idan inji ya tsaya alhali haƙori na cikin tsagi yana ci, bakin yana maƙalewa a dusar da bai gama yankewa ba. HSS kan tsira in an janye shi a hankali. Widiya sau da yawa a nan take ɓantarewa.

Ga ƴan ƙasa da ke Faransa, Beljiyam, Libiya, Aljeriya ko Amurka waɗanda ƙane ko ɗa ke koyon tur a gida, wannan yana da amfani wajen zaɓen tsaraba. Akwatin haƙoran widiya mai ƙyalli yana da kyau a hoto, amma idan lambarsa ba ta dace da sandar da ke garejin ba, ado ne kawai. Abin da ba ya kwantai shi ne ma'aunin nan mai baki biyu da ake kira piyedakulis, na kirki, da agogon awo mai gindin maganaɗisu, da sandunan HSS masu kusurwa huɗu na milimita 6, 8 da 10, da zagayayyu na 4 da 5, da ɗan dutsen hannu na lu'ulu'u, da filayar zobe mai tsinin baki, da tabarau na kare ido. Duka za su shiga aljihun jaka. In kuma sai an sayi sandar kamfani, a tambayi mai aikin abu biyu kafin a biya: kaurin da maɗaurin injinsa ke ɗauka, da mafi ƙanƙantar ramin da yake yawan yi. Makarantu irin su Lycée Technique Dan Kassawa na Maraɗi suna koyar da karatun zane da awo, amma mafi yawan yara a gaban ubangida suke koyo, inda hannu ke da yawa, kayan awo ke da ƙaranci.

Yankan kansa

Bayan duk wannan shiri, yankan bai fi ƴan mintuna ba. Ana daidaita bakin haƙori da tsakiyar ramin, ko a ɗaga shi sama da kaurin gashi, tun da nauyin yanka zai danna shi ƙasa. Ana taɓa goshin aikin da gefen haƙorin a ɗauki nan a matsayin sifiri, a tura keke ciki gwargwadon nisan da ake so, a kulle shi don kada ya motsa. Gudu a rage shi sosai: a ramin milimita 47 na baƙin ƙarfe da haƙorin HSS, juyi 100 zuwa 130 a minti ya isa. Hannun riga a naɗe, safar hannu a cire, domin abin da ke juyawa in ya kama ƙyalle ba ya saki.

Ana jawo haƙorin a hankali har a ji ya taɓa bango, a sa lamba a sifiri, a zuba mai, a ci gaba ba tare da tsayawa ana guga ba. Bayan rabin milimita a janye, a tsayar da inji, a share dusa da buroshi, ba da yatsa ba, a koma. Idan kuka ya tashi, a rage gudu, kada a rage ci. Da an kai lambar, a janye haƙorin gaba ɗaya daga tsagin kafin a saki keke. Haƙora da yawa a nan suke mutuwa, bayan an gama aikin, lokacin da hannu ya riga tunani ya ja keke baya alhali bakin na ciki.

Piyedakulis na yau da kullum ba ya isa ƙasan tsagin ciki, don haka wasu kan danna ɗan kakin zuma ko sabulu su ciro su auna, wasu su lanƙwasa ƙafafun kamfas. Gwajin ƙarshe dai zoben ne. In ya shiga ya kan yi ƴar ƙara, kuma ya kamata ya zauna daram a duk kewayen, ba tare da wani gefe ya ɗago ba. Zoben da aka buga da inji yana da fuska biyu, ɗaya gefenta a dunƙule, ɗaya mai kaifi. Mai dunƙulen ce ke kallon boris, mai kaifin ta kalli waje, don ta ciji bangon tsagin lokacin da boris ya turo.